Garwa Goma Sha Biyu

Tsufa ya shafe mini abubuwa da yawa, har sunayen mutanen da muka ci tuwo kwano ɗaya na kan neme su a kaina in rasa. Amma abin da ya shiga tsakanina da wani dattijo a kan injin jirgin ruwa, shi kam ina jin da shi za a kai ni makwancina. Duk sanda na fara ba da labarin sai wani ya yi dariya ya ce, jirgin ruwa a Makka? To, ku dai bi ni a hankali.

A shekarun alif ɗari tara da sittin da 'yan kai ina da ɗan gareji a unguwar Mansur, warsha muke ce masa da Larabcin gari. Iyayena mutanen ƙasar Kano ne, a hanya aka haife ni cikin Sudan, a Makka na yi wayo. Aikina gyaran manyan motocin alhazai, kuma ba yabon kai ba, an san ni. In mota ta yi zafi ta tsaya a cunkoson Muzdalifa, ni ake aikowa a kira. Ni ne mai yi wa direbobi faɗa a kan ruwa. Na kan buɗe lagireto in leƙa in ce, kai ka sha shayi, ita ka bar ta da ƙishi, wane irin rashin imani ne wannan? Ku riƙe wannan maganar, don za ku ga inda ta kai ni.

Akwai wani attajiri Balaraben Makka da nake gyara wa motocin gida. Maigida muke ce masa. Da bakinsa na samu yawancin aikin motocin alhazai, saboda haka in ya yi kira ko ina ƙarƙashin mota sai na fito. Yana da gida a bakin teku, arewa da Jidda, inda yake zuwa shan iska, kuma a can yake ajiye wani jirgin gudu na katako da ya saya a hannun wani Bature tun da daɗewa. A zamanin jirgin, in ji masu faɗa, babu abin da ke gabansa a wannan gaɓa.

Mai kula da jirgin nan wani dattijo ne Bahaushe, Baba kowa yake ce masa, har Larabawan. Mutumin Yawuri ne, ɗan masunta, a kwalekwale ya yi rarrafe. Ya bi ta Chadi, ya yi shekaru yana aikin jirage a tashar ruwan Sudan, ya ƙetaro aikin hajji, ya zauna. Hausarsa ta yamma ba ta taɓa canjawa ba. Iyalinsa suna unguwar Tandabawi a Makka, yana zuwa musu ranar Alhamis ya koma Asabar. Abu ɗaya da kowa ya sani ba a faɗa shi ne Baba ba shi da iƙama, wato takardar zama. Inuwar Maigida ita ce takardarsa. Muddin yana cikin shingen gidan nan na bakin teku, ko yana cikin motar gidan a hanya, ba mai tambayarsa komai. Ranar da ya rasa wannan aiki, ranar ya zama kamar kowane mai ɓuya a lungu.

Ana nan sai babban ɗan Maigida ya dawo daga karatu a waje, ya dawo da sabon jirgi. Na je kai mota ranar da aka sauke shi, na ga su biyun a gefe ɗaya, kuma har yau ina iya zana su. Tsohon dogo ne, ja wur kamar an shafa masa man ja, katakonsa yana ƙyalli. Injinsa yana zaune a tsakiyar cikinsa ƙarƙashin murfi, ƙato, irin na babbar mota, da doguwar sandar ƙarfe da ta ratsa ƙasan jirgin ta fita baya tana juya farfela. Bayan farfelar akwai wani faifan ƙarfe, shi sitiyari yake karkatawa jirgin ya juya. Sabon kuwa fari ne, gajere, ba katako ba ne, wani abu ne mai tauri kamar roba, mara nauyi. Cikinsa wayam, kujeru kawai. Injinsa a waje yake, an rataye shi a baya kamar yadda mace ke goya yaro, da ƙafa guda da ta sauka cikin ruwa, farfelar tana ƙarshenta. In ka murɗa sitiyari, injin gaba ɗaya ne yake juyawa.

Na zaci Baba zai kushe shi, don na san tsofaffi da sabon abu. Sai na tarar ya tsuguna yana shafa ƙafar injin, yana leƙa nan yana leƙa can. Na ce, "Baba, ka ga wanda ya zo karɓe maka tuwo?" Ya ce, "Ɗana, gaskiya ɗaya ta. Wanga ya fi nawa gudu, ko gardama babu. Kuma ka ga ana ɗaga ƙafarshi sama a wuce bisa duwatsu, ni kuwa farfelata tana ƙasa a kafe, in ruwa bai kai ƙirji ba ba ni shiga." Ya miƙe ya dafa tsohon nasa. "Amma bari iska ta taso. Wanga shina da nauyi, shina yanka igiyar ruwa. Wancan tsalle zai riƙa yi, ya karya ma mutum baya." Haka ya jera mini su, ba son kai. Tsohon yana shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya, kuma in zai juya sai ya nemi fili. Sabon yana juyawa a inda yake tsaye. Tsohon in ya lalace sai makaniki ya zo ya kwanta a cikinsa, sabon kuwa kwance shi ake yi a kai wa makaniki. Tsohon dole ya zauna cikin ruwa, in ya bushe katakon ya tsage. Sabon ko shekara ya yi a kan yashi ba ruwansa.

Ɗan Maigida ya matsa a sayar da tsohon. Maigida ya ce a'a, sai an gwada akan san na ƙwarai, a fitar da su tare ranar wata Juma'a, a kewayo wata alama da ke can wajen duwatsun murjani a dawo. Kowa ya fahimci abin da ke ƙarƙashin maganar. In tsohon jirgi ya tafi, aikin Baba ya zama sai yadda hali ya yi. Amma Maigida yana son dattijon, kuma na ji da kunnena yana cewa ko ba jirgi gida yana bukatar mai gadi.

Saura mako guda sabon injin ya fara gardama, sai a yi ta murza makulli ya ƙi tashi. Ɗan Maigida ya ce a kai wa mu'allim, wato ni, don haka suke kiran gwanin sana'a. Nan ne fa'idar sabon ta fito, don mutum huɗu muka kwance shi muka ɗora a bayan a-kori-kura. Ina ɗaure shi da igiya Baba ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Ɗana, in ka gama gyara, kar ka tayar da shi sai ka tsoma ƙafarshi cikin duro cike da ruwa. Garwa goma sha biyu za ta ci." Na ce to, Baba. Irin "to" ɗin nan da ake ce wa tsoho don ya yi shiru.

Sai na ɗan tsaya in faɗa wa wanda bai san Makka ta wancan lokaci ba abin da ake nufi da garwa goma sha biyu. Ba famfo a gidajenmu. Ruwa a kafaɗar mutum yake zuwa, 'yan ga-ruwa ne suke bin layi a bazan, wato wurin ɗiban ruwa na unguwa, su ɗauko garwa biyu a sanda su hau tudu da su. Da garwa biyu matata take girki da wanki da wanka, ruwan wanke-wanke ma ba a zubarwa sai ya yi aiki na biyu. Mun taso muna ganin zubar da ruwa a banza kamar zubar da abinci. A ce in sa mutum ya yi sawu shida don in jiƙa wa ƙarfe ƙafa, maƙwabta suna kallo? Da sun ce na samu wuri.

Kuma ina da hujjata ta makaniki. Na cire murfin injin na duba ko'ina, babu lagireto, babu inda ake zuba ruwa. Mansa kuwa gauraya shi ake yi da baƙin mai, kamar na babur. Na ce ashe babur ne aka rataya wa jirgi, iska ce take sanyaya shi, maganar duro kuwa al'adar masunta ce kawai, komai nasu sai sun haɗa da ruwa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya fi shi duhu shi ne rabin sani. Ciwon injin ba wani abu ba ne, datti ne a kafireto, kafin azahar na wanke shi na mayar. Na kafa injin a jikin wani katako a ƙofar gareji, ƙafarsa tana reto a iska, na haɗa batir, na murza. Wai! Ƙarar da ya yi sai da tantabarun unguwa suka tashi. Mai shayi da abokan hirarsa suka taso, mai tsire ya bar wutarsa. Wani ya ce, mu'allim, ƙara mana mu ji. Na ƙara. Sau uku na tayar da shi a ranar, kowane na ɗan lokaci kaɗan, ina ba shi wuta ina kallon fuskokin mutane. A na ukun na ji ɗan ƙaurin roba, na ce sabon fenti ne.

Ranar Alhamis na mayar da shi. Ya kwana a rumfar da Baba yake kwana, don a makon dattijon bai je gida ba, yana shirya nasa jirgin. Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka rataya shi. Ɗan Maigida ya ce in shiga nasa, tun da ni na gyara. Ni da ban iya iyo ba, rabona da teku tun ina yaro a kan cinyar uwata, amma kunya ta hana ni cewa a'a. Maigida ya shiga na Baba, ya zauna a baya da carbinsa.

Tsohon ya fara tashi, da wata murya mai kauri da kake ji a ƙirjinka. Namu ya tashi da ihu. Kafin mu bar gaɓa na hangi Baba ya miƙe tsaye yana nuna bayan jirginmu yana ɗaga murya, amma ƙara ba ta bari mun ji ba. Ɗan Maigida ya ɗaga masa hannu yana dariya, ya zaci tsokana ce, ya danna. Jama'a, na sha shiga mota mai gudu, amma ban taɓa jin abu irin wannan ba. Hancin jirgin ya ɗaga sama, sannan ya kwanta, muka riƙa shafar saman ruwa. Na waiga na ga tsohon yana ta turo ruwa da ƙirji, bai ma gama miƙewa ba mun yi masa nisa. Kuma maganar Baba ta tabbata, don muna fita inda iska take jirgin ya fara dukan ruwa, bam, bam, haƙorana suna haɗuwa. Na riƙe kujera da hannu biyu ina salati.

Mun kusa alamar sai muryar injin ta canja. Wanda ya yi shekaru da inji ya san wannan sauti, na abin da yake shaƙewa ne. Ƙauri ya taso, na ɗora hannu a murfin na janye ba shiri. Na ce, "Kashe! Kashe!" Kafin ya kai hannu injin ya mutu da kansa. Shiru ya sauka, sai ƙarar ruwa yana fashewa a kan duwatsu, kuma iskar arewa tana tura mu can. Jirgi mara nauyi, abin da ya sa shi gudu shi ya sa iska take wasa da shi. Babu sandunan tuƙi na hannu ko ɗaya a ciki, don ɗan Maigida ya ce suna ɓata masa kyan jirgi. Ina ganin duwatsun ƙarƙashin ruwa, ruwan kasa-kasa, masu kaifi, suna matsowa. Na tuna matata tana da ciki wata bakwai.

Baba bai iya shigowa inda muke ba, saboda farfelarsa. Ya zagaya ta saman iska, ya tsayar da jirgin nan mai nauyi daidai bakin inda ruwa ya fara canja launi, ya ɗaura igiya a jikin wani gungumen toto da ba ya nitsewa ya sake shi, iska ta kawo mana. Ya yi mini tsawa da Hausa, "Ɗaura a hanci, ba a kujera ba!" Na ɗaura. Tsohon injin ya yi gurnani, igiya ta miƙe, muka fara ja da baya daga duwatsun. Haka ya jawo mu har gida a hankali, kamar an kamo akuya daga gonar mutane. 

A gaɓa ne abin ya lalace. Ɗan Maigida kunya ta kama shi, ga ubansa, ga ma'aikatan gida sun taru. Kuma kun san mai jin kunya neman wanda zai ɗora wa yake yi. Ya ce sabon inji ne, mu'allim ya gyara shi jiya jiya, a ina ya kwana? A rumfar wa? Wa zai yi asara in sabon jirgin ya ci gasar? Baba yana naɗe igiya, bai ko ɗago ba. Maigida mutum ne mai bin abu a sannu. Ya ce kada a zargi kowa da ka, ga masani a tsaye. Ya juyo gare ni ya ce, "Ya mu'allim, buɗe ka faɗa mana gaskiyar abin da ka gani."

Na kwance ƙafar injin a kan tabarma. A cikinta na tarar da wani ɗan gida na ƙarfe, a cikinsa wata 'yar ƙaramar farfela ta roba, ba ta fi tafin hannun jariri ba. Fikafikanta sun ƙone, wasu sun narke sun manne, wasu sun karye. Daga gidan wani siririn bututu ya hau sama zuwa injin. Ina ganin bututun nan na gane komai. Injin yana da lagireto mana, teku ce lagiretonsa. Robar nan ita take tsotso ruwa ta tura sama, kuma ruwan ne yake hana ta ƙonewa. Ni na ƙone ta da hannuna a ƙofar garejina, don mai tsire ya ji daɗi.

Na ɗago. Baba yana tsaye bayan Maigida, yana kallon robar, sannan ya kalle ni. Ba harara, ba komai, kallo kawai. A cikin ƙiftawar ido na auna aikin motocin alhazai, da sunana a Mansur, da cikin matata. Na ji bakina yana cewa, "Robar ce ta cinye. Yana yiwuwa yashi ne ya shige ta." Ban ce wani ya zuba ba. Shekaru na yi ina lallashin kaina da wannan, wai ai ban ambaci sunan kowa ba. Amma na san inda maganar za ta faɗa tun kafin ta fita. Ɗan Maigida ya ce, "Yashi! Injin da ko gaɓa bai taɓa ba, wa ya ba shi yashi?" Maigida ya tambayi Baba ko yana da abin cewa. Baba ya ce Allah ya sani, bai ƙara ba. Maigida ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ba zai kira hukuma ba saboda zaman tare, amma Baba ya tattara kayansa. A motata na kawo shi Makka. Tun daga Jidda har Tandabawi maganar da ya yi mini ɗaya ce, ya ce in rage gudu akwai rami a gaba.

Bayan kamar wata guda sabuwar roba ta iso daga waje, aka sake kawo mini injin. Wannan karon ba sai an faɗa mini ba. Na gungura duro zuwa ƙofar gareji, na ce wa mai shayi in ɗan ga-ruwa ya wuce ya turo mini shi. Ina sunkuye ina ɗaure ƙusa na ji an yi sallama, na amsa ban duba ba. Da na juyo sai ga Baba, sanda a kafaɗa, garwa biyu suna reto, ya naɗa tsumma a inda sandar take cinsa. Mutumin da ya haura sittin. Ashe abin da ya samu ke nan, don ɗaukar ruwa ba a tambayar takarda.

Na ce, "Baba, bari in nemi wani." Ya ce, "Don mi? Aiki na." Ya juye garwa biyun ya koma. Sawu shida ya yi, ina zaune ina kallon duro yana cika, na kasa taɓa komai. Daga bazan zuwa garejina akwai hawa, kuma a sawu na biyar sai da ya tsaya sau biyu a hanya. Da ya juye na ƙarshe ruwan ya tsaya daidai inda ya rufe ƙafar injin. Ya ce, "Goma sha biyu. Tayar mu gani." Na murza. Injin ya tashi, can sai ga wani siririn ruwa yana tsartuwa daga ɗan rami a bayansa. Baba ya nuna da yatsa. "Ka ga fitsarinshi? In shina fitsari lafiya lau shike. Ranan nan da kunka tashi, ɗigo-ɗigo na gani. Shi nike ta nuna maku."

Na kashe injin. Na ce, "Baba, ashe ka sani." Ya ce ya sani tun a ruwa. Na ce, "To me ya hana ka faɗa wa Maigida?" Ya gyara tsumman kafaɗarsa, ya rataya garwunansa. Ya ce, "Kai anka tambaya." Ya karɓi ladan ruwansa, daidai abin da kowa yake bayarwa, na ƙara masa ya ajiye mini ƙarin a kan murfin injin, ya tafi.

Da a ce labari ne na ƙirƙira, da sai in ce a ranar na tafi wurin Maigida. Ban je ba. Na yi niyya, wallahi na yi niyya, amma na ce bari matata ta sauka lafiya tukuna. Ta sauka, namiji. Na ce bari a yi suna. Aka yi suna, Baba ma ya zo ya yi addu'a ya ci abinci a ƙofar gidana. Sai ga aikin hajji ya matso, motoci sun cika gareji, na ce ba yanzu ba, in Maigida ya yi fushi a wannan lokaci na shiga uku, bari alhazai su watse. Kullum ina ganin Baba yana wucewa da sandarsa, mu gaisa, in ce a raina saura kaɗan.

Alhazai suka watse. Kuma kowa ya san bayan hajji ne ake bin unguwanni ana neman waɗanda suka zauna ba takarda. Wata safiya aka tare layin bazan, aka tafi da mutum da yawa, har da shi. Mai shayi ne ya faɗa mini, yana zuba mini shayi, kamar yana ba ni labarin farashin sukari. Garwunansa sun yini a wurin, da yamma matarsa ta aiko aka ɗauka. Kafin in gano inda aka tsare mutanen, an sa su a jirgi an ƙetare da su. Iyalin suka bi bayansa da 'yan watanni, ban kuma sake jin ɗuriyarsu ba.

A makon na je wurin Maigida, yanzu da faɗar ba ta da amfani ga kowa sai ni. Na faɗa masa komai, har da mai tsire. Na shirya wa zagi, na shirya wa kora, ina jin ma su nake so. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Da ka faɗa a ranar, da tsawa kawai zan yi maka. Roba ce fa." Sannan ya ce motar gidan tana ɗigar da mai, in duba ta kafin in tafi. Na duba ta. Na ci gaba da yi masa aiki shekara da shekaru, bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka.

Tsohon jirgin ba a sayar da shi ba, ba a kuma sake hawansa ba. An jawo shi kan yashi, rana ta buɗe katakonsa har kana iya zura yatsa. Sabon ya yi zamaninsa, aka kawo wanda ya fi shi, shi ma aka kawo wanda ya fi shi. In aka tambaye ni yau wanne ya fi tsakanin na da da na yanzu, na kan maimaita abin da Baba ya jera mini ne, don ban ji wanda ya faɗe shi daidai kamarsa ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kuskuren inji ba komai ba ne, kowane makaniki ya taɓa ƙona abu. Amma in aka ce kai ne masani, aka tambaye ka, to a wannan lokacin ake bukatar gaskiyarka, ba bayan suna ba, ba bayan hajji ba. Na yi shekara arba'in ina koya wa mutane aiki, kuma duk wanda ya zo hannuna abin da nake fara gaya masa shi ne, in ka ɓata abu ka faɗa kafin rana ta faɗi, tun wani bai ɗauki kayanka a kafaɗarsa ba. Duron nan yana nan a bayan gidana har yau, ya yi tsatsa, gindinsa ya zube. 'Ya'yana sun sha cewa a jefar da shi, ni kuwa na ce su bar shi inda yake.